Ziyarar Cape Coast da Elmina: kwana nawa ya isa, kuma da ina za a fara?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mu tara ne za mu taso daga Kano zuwa Gana a hutun Disamba, manya biyar, yara huɗu, ƙaraminsu ɗan shekara bakwai, akwai kuma mahaifiyarmu mai fama da ciwon gwiwa. Masaukinmu a Akra yake. Muna so mu ga tsoffin gidajen tsare bayin nan na bakin teku a Cape Coast da Elmina, da gadar igiya ta dajin Kakum. An ce mana ana yin sammako a gama duka a dawo Akra a yini guda. Haka ne? Masu sani a taimaka mana da bayanin hanya, takardu, abinci da abin da ya kamata mu kiyaye.

Alhaji Direba:
Wa alaikumus salam. Malam, ana yi a yini guda, amma ba da yara huɗu da dattijuwa ba. Bari in yi maka lissafin hanyar. Daga Akra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, titi ɗaya ne ya bi gaɓar teku ya yi yamma: Mallam, Kasoa, mararrabar Winneba, mararrabar Apam, Mankessim, Saltpond, Anomabo, Yamoransa, sai Cape Coast. In hanya ta yi daɗi awa uku ce. Abin da ke cin lokaci shi ne fita daga Akra har a wuce Kasoa, domin dubban masu aiki a Akra can suke kwana, da safe cunkoso na shigowa gari, da yamma yana fita. Sai Mankessim, babbar kasuwa ce a kan titi. Asabar da safe mutane sun nufi garuruwansu jana'iza, Lahadi da yamma suna dawowa. A waɗannan lokuta biyu awa uku takan koma biyar.

To ka sa awa shida zuwa bakwai a cikin mota, zuwa da dawowa. Gidajen bayin ana rufe su wajen ƙarfe huɗu da rabi, rana kuma tana faɗuwa wajen shida ko da wane wata ne. Me ya rage maka? Kuma ba na ba kowa shawarar bin titin nan da dare. Yawancinsa kwalta ɗaya ce mai zuwa da mai dawowa, tirelolin Takoradi da na Abijan suna kai, ga masu obatekin a kwana.

Motar haya a tashar Kaneshie ake shiga, akwai kuma bas ɗin STC, kamfanin sufuri na gwamnatin Gana. Amma ku tara ne, ku ɗauki shatar ƙaramar bas. Kafin a tayar da mota a yi magana uku a gama: mai yana cikin kuɗin ko ba ya ciki, wa zai biya makwancin direba, sannan Kakum da Elmina suna cikin cinikin ko Cape Coast kawai ya ji. A kan na ukun nan ake yawan rigima, domin Kakum kilomita 30 ne daga gari ta wata hanya daban.

Hajiya Maman Faruk:
Gaskiyar Alhaji. Baban Ummi, ku yi kwana biyu. Ranar farko ku fita Akra da idar da sallar asuba, kafin ƙarfe goma kun isa, ku ajiye kaya, ku shiga gidan Cape Coast, ku yi azahar a Zango, unguwar Hausawa, ku huta. Rana ta biyu Kakum da sassafe, Elmina bayan azahar. Rana ta uku ku kama hanya kafin sha biyun rana. Abu ɗaya da zan dage a kai: kada ku haɗa gidajen bayin biyu a yini ɗaya. Wanda ya fito daga na farko zuciyarsa ta yi nauyi, in ya shiga na biyu nan take ba ya jin bayanin, tafiya kawai yake yi. Kuma tunda Disamba ne ku kama masauki tun yanzu. Tun shekarar 2019 da Gana ta yi gayyar baƙaƙen fatan Amurka da Karebiyan su zo ganin gida, Disamba ya zama watan cika, kuɗin ɗaki yana tashi.

Ɗan Zangon Kotokuraba:
Hajiya, na yarda da raba gidajen biyu, amma ban yarda a kai Elmina yamma ba. Rabin abin kallon Elmina ba a cikin ginin yake ba, a bakin tafkin Benya yake, inda jiragen masunta ke shigowa daga teku. Da safe daga shida zuwa tara za ka tsaya a kan gada ka ga kwalekwale ɗaruruwa, kowanne da fentinsa da tutarsa, mata da robobi a ka suna karɓar kifi, can baya hayaƙin masu banda yana tashi. Da la'asar an watse. Ni a ganina kwana ɗaya ma ya isa in an tsara: ranar farko Kakum kai tsaye, sai gidan Cape Coast da rana, a kwana a Elmina, a wayi gari a bakin ruwa, a shiga gidan Elmina da an buɗe ƙarfe tara, a kama hanya.

Sai dai kada safiyar ta zama Talata. Masuntan Fanti, wato ƙabilar yankin, ba sa shiga teku ranar Talata, tsohuwar al'adarsu ce. Za ka tarar da jirage a daure ana gyaran koma, ba kifi.

Hajiya Maman Faruk:
Ɗan'uwa, tsarinka na matasa ne. Wanda ya taso daga Akra ba zai isa Kakum kafin goma da rabi ba, lokacin zafi ya taso, motocin 'yan makaranta sun cika wurin. Ga mutum ya kwana uku a mota tun daga Kano in ta ƙasa suka zo. Maganar safiyar Elmina kuwa ka yi daidai, sai a mayar da ita rana ta uku kafin a kama hanya. Tsakanin garuruwan biyu kilomita goma sha biyu ne kawai, ba abin wahala ba ne.

Malamin Tarihi:
Tunda ana ta cewa gidajen bayi, bari in bambanta su, domin ba abu ɗaya ba ne, kuma wanda ya san bambancin ya fi amfana da abin da jagora zai faɗa masa.

Na Elmina ne babba a shekaru. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, kuma zinariya ce ta kawo su, ba bayi ba tukuna. Shi ne ginin Turawa mafi daɗewa da ke tsaye a Afirka kudu da Sahara. A 1637 Turawan Holan suka ƙwace shi, kuma yadda suka yi yana nan a fili: sun hau tudun da ke fuskantar ginin suka kafa igwa suka yi ta ɓarin wuta daga sama. Don kada wani ya yi musu irin wannan, sai suka gina ƙaramin sansani a kan tudun, shi ne ake kira St. Jago. Ku hau shi, minti goma ne, daga can ake ganin ginin gaba ɗaya da tafki da filayen gishiri. Ingila ta karɓi Elmina daga Holan a 1872, a shekara ta gaba ta yi wa tsohon garin luguden wuta ta rushe shi. Filin nan da za ku gani fayau a gaban ginin, nan garin yake a da.

A ciki ku lura da tsakar gidan mata. Akwai baranda a sama inda gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda yake so, da matakala ta katako mai murfi da ke kaiwa ɗakinsa. Akwai ɗakunan horo biyu a jere: na sojan Bature da ya yi laifi yana da kafar shan iska, na bawan da ya yi tawaye ba shi da ita, an zana ƙoƙon kai a saman ƙofarsa, wanda aka sa ciki ba ya fitowa da rai. Akwai kuma ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya bayan an kama shi a 1896, kafin a kai shi Saliyo, daga baya tsibirin Seychelles.

Na Cape Coast Turawan Suwidin suka fara shi a 1653, Ingila ta kama shi a 1664, ya zama mazaunin mulkinta a wannan gaɓa har 1877 da aka mayar da hedikwata Akra. A nan kurkukun maza ne abin da ba a mantawa. Ana gangarawa ƙarƙashin ƙasa, ɗakuna biyar, ba haske sai 'yan ƙananan kafofi can sama. Jagorori suna cewa akan tara maza har dubu a ciki. Ku duba ƙasa: abin da kuke takawa ba daɓe ba ne, ƙazantar mutanen da aka tsare ce ta daskare bisa bulo, an kankare wani gefe don a nuna kaurinta. Daidai saman wannan kurkuku Turawan suka yi cocinsu. Daga nan sai ɗakunan mata, sai ƙofar da ke buɗewa bakin teku, wadda in an fita ba a dawowa. Hukumar UNESCO ta sa gidajen nan cikin kayan tarihin duniya a 1979, Shugaba Obama ya ziyarci na Cape Coast a Yulin 2009.

Kuma kada mu je a matsayin 'yan kallon tarihin wasu. Da yawa daga cikin waɗanda aka bi da su ta ƙofar nan daga arewa aka gangaro da su, kuma kasuwar Salaga, wadda fatakenmu suka sani da sunan Gwanja suna zuwa sayen goro, kasuwar bayi ce babba. Sannan sojojin Hausa da Ingila ta ɗauka sun yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, yaƙin da rundunar Janar Wolseley ta tashi daga Cape Coast ta je ta ƙone Kumasi. Irin waɗannan sojoji da 'yan kasuwar goro suna cikin waɗanda suka kafa zangunan bakin teku. Muna cikin labarin ta fuska fiye da ɗaya.

Baban Ummi:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. To in lokaci ya ƙure ɗaya kawai za mu shiga, wanne?

Malamin Tarihi:
Cape Coast. Yana da ɗakin adana kayan tarihi a sama mai bayani a jere tun kafin zuwan Turawa, kurkukunsa kuma ya fi nuna girman abin.

Ɗan Zangon Kotokuraba:
Ni Elmina zan ce. Ginin ya fi tsufa, ga ramin tsaro da aka sassaƙa a dutse da gadar shiga, ga tudu, ga masunta, ga tsohuwar maƙabartar Holan a cikin gari. Kuma yawanci bai kai ɗayan cunkoso ba, kana iya yi wa jagora tambaya ya tsaya ya amsa.

Ga yadda shigar take a duka biyun. Ana sayen tikiti a ƙofa, kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na ɗalibi da yaro ƙasa da na babba, don haka ɗalibai su riƙe katinsu na makaranta. Kada ku ce ku 'yan Gana ne don ragi, ana tambayar kati. Jagora yana cikin kuɗin tikiti, ana tara mutane rukuni-rukuni, zagayen yana cin minti 45 zuwa awa ɗaya, da Turanci ake yi. In Hajiyarku ba ta jin Turanci ku gaya wa jagoran tun farko ya riƙa dakatawa wani ya fassara mata. In an gama ana ba shi ɗan ihsani, ba dole ba ne amma an saba.

A bakin ƙofa samari za su tare ku da fara'a su tambayi sunanku. Kafin ku fito sun rubuta sunan a jikin ƙwanson teku, su ce kyauta ce, sai kuma takardar neman taimakon ƙungiyar ƙwallo ta biyo baya. Ba masu cutarwa ba ne, neman abinci ne. In ba ku so, kada ku faɗi suna, ku gaisa ku wuce. A wurin masunta kuma kada a ɗaga waya a ɗauki hoton mutum ba a tambaye shi ba, matan kasuwar kifi ba sa ɗaukar wannan ko kaɗan.

Anti Nas:
Ina da magana kan yaran. Ɗan shekara bakwai ban ga dalilin gangarawa da shi kurkukun ƙasa ba. Akwai duhu, akwai zafi da wari, iska ba ta zagawa, wani jagoran ma yakan kashe fitila ko ya rufe ƙofar ɗakin horo na ɗan lokaci don mutane su ji yadda abin yake. Babba ma yakan firgita. Mai asma ya shiga da abin shaƙarsa a hannu, ya tsaya kusa da ƙofa. Ƙaramin a bar shi a tsakar gida wurin igwa da wani babba.

Malamin Tarihi:
Anti, ɗakin horo na yarda a cire masa. Amma 'yan makarantar firamare na Gana ana kawo su nan aji-aji. In an yi wa yaro bayani tun a masauki, aka riƙe hannunsa, aka roƙi jagora kada ya kashe wuta, zai iya. Abin da ya fi damuna shi ne manya masu shiga suna dariya da ɗaukar hoton kansu. Za ku tarar da furanni jingine a bango, za ku tarar da mutanen da suka tsallako teku suna kuka a wurin domin kakanninsu. A sassauta murya. Sannan a ƙarshen kurkukun maza na Cape Coast akwai wurin tsafin gargajiya na mutanen gari, wani lokaci da mai kula da shi a zaune. Ba a tilasta wa kowa komai, ka tsaya gefe ka wuce.

Anti Nas:
To uban yaro ya san ɗansa, shi zai yanke. Sauran nawa: zafin can ba irin na Kano ba ne. Ma'aunin zafi ba ya hawa sosai, amma iskar jiƙe take, gumi ba ya bushewa, mutum yana rasa ruwa bai sani ba. Kowa ya sha aƙalla lita biyu zuwa uku a yini, na gora ko na leda. Kayan auduga marasa nauyi, kuma ku ɗauki isassu domin wanki ba ya bushewa a dare ɗaya. Sauro yana nan duk shekara, ku duba ɗaki yana da raga a taga ko gidan sauro. Ku riƙe gishirin zawo da farasitamol.

Mai Fatauci Legas–Akra:
Takardu. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, ƙasar ECOWAS ce, ana ba da kwana 90. Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, kowane yaro da nasa. Abin da ke tsayar da mutane shi ne katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai ruwan ɗorawa. Allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, don haka ba a yin ta ana gobe tafiya. Sau ɗaya ake yi a rayuwa. 'Yan'uwa na Nijar kuma, tunda ƙasar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, su tuntuɓi ofishin jakadancin Gana kafin su ɗaura kaya.

In ta ƙasa ne daga Legas, iyaka uku ce: Seme, sai Hilakonji tsakanin Binin da Togo, sai Aflao. A kowacce ana sauka a buga hatimi, fita da shiga. Ku duba da idonku an buga, domin wanda ba shi da hatimin shiga shi ke shan wahala a dawowa. Nisan bai kai kilomita 500 ba amma yini guda yake ci. Da tsohuwa, in da hali, jirgi ya fi, awa ɗaya ne daga Legas.

Kuɗin Gana sidi ne. Naira ba ta da karɓuwa a gidajen canji na Cape Coast, ku canza a Aflao ko a Akra wurin 'yan canjin Zango, ko ku riƙo dala, sabbin takardu manya sun fi samun farashi. Kada ku dogara da katin banki na naira. Wani abu da ke rikita baƙo: a 2007 an cire sifiri huɗu daga kuɗin, amma har yau wasu tsofaffi da tsohon lissafi suke magana. In mai kifi ta ce miliyan ɗaya, sidi ɗari take nufi. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. Soket ɗinsu irin namu ne mai ƙafa uku. Kuma kada yaro ya sa wando ko hula mai zanen kakin soja, an hana farar hula.

Baban Ummi:
Madalla. Kakum fa? Yaran giwa suke ta tambaya.

Ɗan Zangon Kotokuraba:
Ka gaya musu gaskiya tun yanzu, ba za su ga giwa ba. Akwai giwayen kurmi a dajin, faɗinsa murabba'in kilomita 375 ne, amma suna can ciki nesa da hayaniya. Mai son ganin giwa sai gandun dajin Mole a arewacin Gana. Abin Kakum shi ne kurmin kansa, itatuwan da ɗan Sahel bai taɓa ganin irin tsayinsu ba, da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi, da gadar.

Daga mararrabar Pedu a Cape Coast ake kama hanyar, minti 45 zuwa awa ɗaya. In an sayi tikiti ana jiran rukuni, sai a hau tudu ta matakalar duwatsu kamar minti ashirin. Wannan hawan ya fi gadar wahala, kuma in an yi ruwa akwai santsi. Takalmi mai rufi, ban da silifa, ban da mai tsini. Gadar an buɗe ta a 1995, guda bakwai ce a jere, jimillarsu ya haura mita 300, mafi tsayinta kusan mita 40 daga ƙasa. Kowacce katako ne siriri bisa tsani na ƙarfe, raga ta rufe gefe biyu har ƙirjin babba, igiyoyin waya sun riƙe ta, tsakanin kowace biyu akwai dandamali a jikin itace inda ake hutawa. Tana lilo, haka aka yi ta. Abin da ke sa lilon ya yi yawa shi ne mutane su cunkusu ko yara su yi tsalle. Ku bar tazarar taku biyar tsakaninku, hannu biyu a igiya, ido a kan dandamalin gaba. Waya a aljihu mai zif, abin da ya faɗi ya tafi. Wanda ya ji ba zai iya ba bayan ta farko, akwai gajeriyar hanya da ke fitar da shi a gada uku. Mata su ɗaure mayafi da kyau, doguwar riga a sa wando a ciki a ɗan tattare ta, domin gefen raga yana kama tufa.

Ku isa kafin tara, kuma ku guji Asabar da ranakun hutu.

Ɗan Su:
Ba wanda ya taɓo abin da ke kashe baƙi, wato ruwan tekun kansa. Wanda ya iya iyo a kogi ko a dam bai iya wannan ba. Gaɓar nan ba ta da shinge, taguwar ruwa daga tsakiyar teku take zuwa kai tsaye, yashin kuma yana zurmawa farat ɗaya: taku biyu ruwa a gwiwa, na uku a wuya. In taguwa ta fashe tana komawa, tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Mafi haɗari shi ne wurin da ya fi kama da lafiya. In ka ga taguwa tana fashewa dama da hagu, a tsakiya akwai wani zirin da ya kwanta lumui, ruwansa ya fi duhu ko ya yi gurɓi da yashi, kumfa tana tafiya ciki maimakon waje, to nan ne ruwan da ya taru a gaɓa yake komawa teku, kuma ya fi mai iyo gudu. Baƙo nan yake zaɓa ya shiga saboda ba taguwa. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta a bayansa ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga zirin. Na tudu kuma kada ya faɗa ceto hannu wofi, ya jefa jarka ko wani abu mai yawo a ruwa, ya kira masunta.

Ga yara dokar ɗaya ce: ruwa iya idon sawu, babba yana riƙe da hannu, ba a juya wa teku baya. Kada a hau duwatsun da ke gindin gidan Cape Coast don hoto, akwai gansakuka kuma taguwa tana hawa kansu ba sanarwa. Yawancin bakin ruwan ba mai gadi. Na cikin gari ma ba shi da tsafta. In ana son zama a yashi a sha iska, a je Brenu yamma da Elmina ko Anomabo, a tambayi mutanen wurin inda ake shiga a ranar.

Hajiya Maman Faruk:
Allah ya tsare. Abinci kuwa ba za ku sha wahala ba. Zango yana jikin kasuwar Kotokuraba, ga masallaci, ga Hausa ana ji. Da safe koko da ƙosai, ko wake da shinkafa da suke kira waakye. Da rana tuwon zafi. Da dare tsire a wurin mutanenmu. Amma kada ku zo bakin teku ku koma ba ku ci na mutanen gari ba: dokunun Fanti, wato tuwon masara da ake naɗewa a ganyen ayaba, da soyayyen kifi da yajin shito. A Yamoransa ake jera shi a bakin titi, yana kwanaki bai lalace ba, ana yin tsaraba da shi. Yana da tsami, yara su fara da kaɗan.

Inda za a kula shi ne gidajen fufu na gari. Miya ɗaya takan haɗa nama iri-iri, har da ƙafar alade da naman daji. Cewa a tsame maka naman ba ya magance komai tunda tukunya ɗaya ce. Ku tambayi miyar kifi zalla, ko ku tsaya a gasasshen kifi da banku, wani tuwonsu na masara. Kaguwa da jatan lande a ci su da zafinsu, kada a sayi wanda ya yini a tire.

Alhaji Direba:
Ƙari ɗaya. In daga can Kumasi za ku wuce ba Akra ba, hanyar ta Yamoransa take yin arewa, awa huɗu zuwa biyar. A kan hanyar, kilomita 40 daga Cape Coast, akwai Assin Manso, rafin da ake tsayar da bayin da aka gangaro da su daga arewa a yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Awa ɗaya ta isa, kuma ba hawa.

Baban Ummi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun tsaya a kwana biyu, za mu fita Laraba mu dawo Juma'a. Saura Hajiyarmu, me za ta iya, me za a bari?

Ɗan Zangon Kotokuraba:
Kakum kada ta hau, akwai rumfa da wurin cin abinci a ƙasa inda za ta jira ku, awa ɗaya da rabi kun sauko. St. Jago ma a bar mata. A gidan Cape Coast tsakar gida shimfiɗe take, za ta iya zuwa ɗakunan mata da ƙofar teku, amma gangaren kurkukun maza yana da santsi da duhu, sai da mutum biyu a gefenta ko ta haƙura. Benen gwamna da ɗakin kayan tarihi matakala ce. A Elmina tsakar gidan mata da ɗakunan horo duk a ƙasa suke, sai dai hanyar ƙofar fita sai an sunkuya. Ku riƙo mata kujerar roba mai naɗewa, domin zagayen tsayuwa ce ta kusan awa guda kuma wurin zama kaɗan ne. A masauki ku nemi ɗakin ƙasa tun a waya, yawancinsu ba su da lif. Ranar Juma'a kuma in kuna son samun salla a Akra ku bar Elmina kafin takwas da rabi, in ba haka ba ku yi ta a Kotokuraba ku tashi ƙarfe biyu, kada ku wuce haka.